Katakon tulif, fayin, jan oak ko MDF: wanne za ka ɗauka in za ka haɗa kanta da kabad a Amurka?

Wani ɗan uwa da ya sayi gida kwanan nan a Columbus ya kira ni yana tsaye a cikin shagon kayan gini, gaban jeren falankai, ya rasa wanda zai ɗauka. So yake ya haɗa kantar littattafai a falo da wurin ajiye takalma a bakin ƙofa, in hannu ya faɗa kuma ya canza ƙofofin kabad ɗin kicin da kansa, don kuɗin da kafinta ya yanka masa sai da ya nemi wurin zama. Ya ce Malam ga wani an rubuta poplar a jikinsa mai kore-kore kamar bai nuna ba, ga pine, wato fayin, mai araha, ga oak mai tsadar tsiya, ga kuma MDF irin wanda muka sani a gida, to wanne? Na ce masa kar ya sayi komai tukuna, ya koma gida mu yi magana a nutse. Abin da na faɗa masa ke nan nake rubutawa, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Bari in fara da mai koren nan tunda shi mutanenmu suka fi yi wa kallon raini. Wannan da ake rubuta wa poplar ko yellow poplar, katakon bishiyar tulif ne, sunanta na kimiyya Liriodendron tulipifera, kuma ko kusa ba ta da dangantaka da ainihin bishiyar poplar, 'yar gidan magnoliya ce. Sunan tulif ta samo shi daga furenta da ke fitowa a ƙarshen bazarar nan, wajen watan Mayu, kamar ƙaramin kofi kore mai ratsin ruwan lemo a gindi. Gabashin Amurka ne gidanta, daga kudancin Ontario a Kanada har gangarowa Florida, kuma jihohi uku, Indiana da Kentucky da Tennessee, ita suka ɗauka a matsayin bishiyar jiha. Tsawo kam ba a magana, a gandun dajin Great Smoky Mountains an auna wata da ta haura mita 58. Abin da ya shafe mu masu sayen katako shi ne yadda take tashi: sambal kamar falwaya, sai ta yi nisa sama kafin ta fid da reshe, shi ya sa falankinta ke zuwa dogo, mai faɗi, ba ƙulli. 'Yan asalin ƙasar tun da can da gangarta suke fafe kwalekwale guda sukutum. George Washington ma ya dasa ta a gidansa na Mount Vernon a 1785. Kar dai a haɗa ta da wadda ake kira tulif ta Afirka mai jan fure, wadda ake gani a kudancin Najeriya da Ghana yara na matse ƙullin furen ruwa na tsartuwa, wannan wata bishiya ce daban, sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Yanzu ma'aunin. Ni abu biyar nake dubawa kafin in zaro kati. Na farko kuɗi. Na biyu taurin fuska, wato in an buga abu a kai ko an ja kujera zai lotsa ko a'a. Wannan akwai gwajinsa da ake kira Janka, ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 har rabinsa ya nutse a cikin katakon, a rubuta ƙarfin da aka sa da fam, yawan lambar yawan taurin. Na uku ɗaukar kaya ba tare da cikin ya sauka ba, kuma a lura wannan daban yake da na biyu, a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Na huɗu sauƙin aiki ga wanda kayan aikinsa zarto ne da na'urar huda da sanfefa a cikin gareji. Na biyar haɗari, ruwa da danshi da ƙura da abin da zai iya ɓata maka aiki bayan ka gama. Sai wata tambaya da ta hau kan duka biyar ɗin: fenti za ka shafa, ko so kake a ga jikin katakon? In ka amsa wannan ka yi rabin zaɓi.

Tulif

A cikin katakon da ake kira masu ƙarfi a nan, wato na bishiyoyi masu faffaɗan ganye, tulif na cikin mafi araha, ya fi fayin mai ƙulli tsada amma bai kai oak ba. Wanda ya taɓa riƙe obeche, farin katakon da kafintocinmu ke aiki da shi, zai ji kamar ya san shi, sai dai tulif ya ɗan fi shi nauyi da tauri. Busasshensa yana kai wajen kilo 450 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, jan oak kuwa wajen 700, ka ga kusan kashi biyu cikin uku ke nan.

A Janka 540 yake da shi. Kaɗan ne, ba zan ɓoye maka ba, in ka danna farce da ƙarfi a gefen falankin sai ka ga sawu. Na taɓa yin ƙaramin tebur da shi yara na aikin makaranta a kai, kafin wata uku in ka karkata kai ta wajen taga kana iya karanta lissafin da suka yi da biro a jikin teburin, rubutun ya ratsa takarda ya zauna. Amma ga inda abin mamakin yake, wajen ƙin lanƙwasa yana da kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abin da jan oak ke da shi, duk da rashin nauyinsa. Fuska laushi, ƙashi ƙarfi. Don haka kanta ta tulif mai kaurin inci uku bisa huɗu za ta ɗauki manyan mujalladan nan namu masu bangon fata ba ta sauke ciki ba, in dai ba ka bar tazara tsakanin ƙafafun ta wuce inci 30 zuwa 32 ba. Turawa ma sun gane haka, a Ingila a garin Oldham kusa da Manchester an buɗe cibiyar Maggie's ta masu fama da ciwon daji a 2017, bangon ginin da rufinsa da falankan tulif aka yi su, an jera su gicciye an manne da gam har suka zama manyan allunan da ke ɗaukar gini.

Wajen aiki kuwa ban san wanda ya kai shi daɗi ba. Zarto na shiga kamar ana yanka sabulu, sukuru na kamawa ba ya tsagewa sai in ka matsa bakin falanki sosai, gam na riƙe shi, ba ya wari, ba ya fid da danƙo. Abu ɗaya, in bakin kayan aikinka ya dakushe sai fuskar ta yi gashi-gashi, maganinsa ka bi da sanfefa har lamba 180 ko 220, ka shafa fentin share fage, in ya bushe ka sake gogewa a hankali. Daga nan fenti zai kwanta lumui kamar gilas, don ramukan jikinsa ƙanana ne ba sa nunawa. Dalilin da ya sa yawancin fararen katakan da ke zagaye ƙofofi da tagogi a gidaje masu kyau, da ƙofofin kabad masu fenti, da gefen durowa, da ƙashin cikin kujerun kushin da ba wanda ke gani, da tulif ake yinsu.

Matsalarsa biyu. Ta farko launi. Gefen fari ne, tsakiyar kore, wani lokaci da ratsin shunayya ko baƙi, koren kuma in ya sha haske sai ya koma ruwan ƙasa. In ka ce za ka shafa masa ruwan launi don ya yi kama da madaci, wani wuri zai sha da yawa wani ya ƙi, ya fito dabbare-dabbare. Ana iya gyarawa da ruwan launi mai kauri irin na jel, amma wahala ce da bai kamata sabon shiga ya ɗora wa kansa ba. Ta biyu ruwa. Na yi benci da shi na ajiye a bayan gida, da fenti da komai, hunturu biyu dusar ƙanƙara ta kwanta a ƙafafunsa, ranar da na ɗaga shi gindin ƙafa ɗaya ya zauna a ƙasa ya bar ni da sauran, na sa yatsa ya shige kamar burodi. Wanda aka yi wa bangon waje na ginin Oldham ɗin nan gasasshe ne, an dafa shi da zafi mai tsanani har ya yi duhu ya daina jan danshi, ba irin na kan kantar shago ba ne.

Fayin

Fayin iri-iri ne, kuma nan ake yi wa mutum sakiyar da ba ruwa. Mai arahar nan da ke sa ka murmushi shi ne mai ƙulli, kuma sai ka tsaya ka zaɓa, ka ɗaga falanki ka sa ido ɗaya ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga, a cikin goma da ƙyar ka samu uku da ba su murɗe ba. Wanda ba shi da ƙulli, da ake rubuta wa select, kuɗinsa ya kusa na tulif, wani lokaci har ya kamo shi, to a nan ni ban ga dalilin barin tulif ba. Farin fayin na gabas 380 yake a Janka, ya fi tulif laushi, kuma ya fi shi saurin sauke ciki a ƙarƙashin kaya. Yana da sauƙin yanka, yana da ƙanshi mai daɗi, yara ma za su iya taya ka ɗauka. Haɗarinsa ƙullin nan ne: danƙo ke cikinsu, ka shafa farin fenti ka ji daɗi, bayan wasu watanni sai ka ga zagaye-zagaye ruwan ƙasa suna ɓullowa ta cikin fentin kamar tabon shayi. Dole sai ka rufe kowane ƙulli da fentin share fage mai shalak, wani danƙo da ake rubuta wa shellac, kafin komai, shi ma kuɗi ne. In kanta ce ta gareji ko ta ɗakin ƙasa da za a jibga buhun shinkafa da jarkar mai, fayin ya isa, ba mai zuwa duba kyansa.

Jan oak

Wannan shi ne babban yaya, 1290 a Janka, ya ninka tulif fiye da sau biyu, shi ya sa ake shimfiɗa shi a daɓen gidaje da matakalar bene. Jikinsa na da zane mai kyau, yana shan ruwan launi daidai ba dabbare, in ka bi da banish sai baƙo ya shafa ya tambaye ka inda ka saya. A manyan shaguna tazarar kuɗinsa da tulif tana da yawa, a wajen masu sayar da katako zalla takan ragu.

Amma aiki da shi sai ka shirya. Duk sukurun da za ka ɗaura sai ka fara huda masa hanya, in ba haka ba ko katakon ya tsage ko kan sukurun ya guntule ya bar maka rabi a ciki, wlh ranar da ya fara yi min haka sai da na ajiye aikin na je na sha ruwa. Yana cin bakin zarto, yana da sartse, nauyinsa kuma kanta mai tsawon ƙafa shida ba ka tayar da ita kai kaɗai. Yana da wani sinadari irin na bagaruwa da in ya haɗu da ƙarfe da danshi sai wurin ya yi baƙi, don haka kar ka bar ƙusa ko gwangwani a kai yana jiƙe. Ramukan jikinsa a buɗe suke, guntun jan oak in ka sa baki a gefe ɗaya ka hura cikin ruwa har kumfa kan fito ta ɗaya gefen, don haka shi ma ba na waje ba ne, farin oak shi ne mai toshe, shi ake yin gangar ajiye ruwan inabi da jiragen ruwa da shi. Waɗannan ramukan ne kuma ke sa fenti ya ƙi kwanciya a kansa, ko sau nawa ka shafa zanen na nan yana leƙowa. Sayen oak a rufe shi da farin fenti ni a wurina kamar a sayi shadda mai tsada ne a yi zanin gado na ciki da ita. Ƙurarsa a sa takunkumi, ƙurar katako gaba ɗaya an tabbatar tana iya jawo ciwon daji na hanci ga masu shaƙarta shekara da shekaru, ta oak na cikin waɗanda aka fi ambata.

MDF

Shi mun san shi, garin katako ne da gam aka matse. Allo yake zuwa, ƙafa 4 da ƙafa 8, in ka lissafa faɗin da kake samu duk ya fi su araha. Ba ƙulli, ba ya murɗewa, ba ruwansa da bushewar iskar hita a hunturu, fuskarsa na karɓar fenti da kyau. Amma allo ɗaya mai kaurin inci uku bisa huɗu ya haura kilo 40, wajen ƙin lanƙwasa kuma ko rabin tulif bai kai ba, duk kantar da ka gani ta yi ciki kamar baka a gidan ɗan uwa, je ka duba, ko shi ne ko ƙanensa na ɓarɓashi. Sukuru a bakinsa ba ya riƙewa, in ka kwance ka sake ɗaurawa sau biyu ramin ya zama gari. Ruwa kuwa shi ne ajalinsa, ya kumbura ba ya komawa. Ƙurarsa laushi gare ta kamar fulawa ga sinadarin gam a ciki, a waje ake yanka shi.

| | Tulif | Farin fayin | Jan oak | MDF |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | matsakaici | araha, mai ƙulli | mafi tsada | mafi araha a faɗi |
| Janka | 540 | 380 | 1290 | ba a saba auna shi haka ba |
| Ɗaukar kaya | da kyau sosai | daidai gwargwado | mafi kyau | rauni |
| Sauƙin aiki | sosai | sosai, in ka samu miƙaƙƙe | wuya | yanka sauƙi, ɗauka wuya |
| Fenti | mafi kyau | ƙulli na ɓullowa | zane na nunawa | fuska kyau, baki na sha |
| Ruwan launi da banish | dabbare | dabbare | mafi kyau | ba ya yi |
| Ruwa da waje | a'a | a'a | a'a | ko kusa |

Kafin ka tafi shago, abu biyu. Falankin da aka rubuta 1x6 ba inci 1 da inci 6 ba ne, uku bisa huɗu ne da biyar da rabi, ka yi awonka da wannan in ba haka ba kabad zai fito da giɓi. Sannan in aikin na da yawa ka nemi masu sayar da katako zalla maimakon Home Depot ko Lowe's, su da awon da suke kira board foot suke sayarwa, wato inci 12 da inci 12 a kaurin inci 1, yawanci ya fi sauƙi kuma za su goge maka fuska in ka biya ɗan ƙari. In ka kawo gida ka bar shi a ɗakin da zai zauna kamar mako guda ya saba da iskar wurin kafin ka sa zarto.

To wa zai ɗauki me? Mai kantar littattafai da zai yi wa fenti, tulif, ba sai an yi dogon tunani ba. Mai ƙofofin kabad na kicin, abin da kafintocin nan da kansu ke yi shi ne firam ɗin tulif, allon tsakiya MDF siriri, a yi fenti, ka samu ƙarfin wancan da lafiyar fuskar wannan, sai dai ƙofofin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a rufe bakinsu da fenti sosai ta kowane gefe. In gidan akwai yara masu buga ƙofa da cokali da keke, ka ƙara kuɗi ka ɗauki katakon da ake rubuta wa soft maple, wato maple mai laushi, duk da sunan ya fi tulif tauri, shi 950 yake a Janka kuma yana karɓar fenti kusan kamar tulif. Teburin cin abinci, matakala, benci na zama, duk inda hannu da ƙafa da kwano ke sauka kullum, saman ya zama oak, ƙafafu da ƙashin ciki in kana son rage kuɗi ka yi su da tulif ka yi musu baƙin fenti. Kantar gareji da ɗakin ƙasa, fayin, amma ka ɗaga ƙafafun daga siminti. Mai haya da ya san shekara biyu zai tashi, MDF ko fayin, kar ka zuba kuɗi a abin da ba zai shiga mota ba. Duk abin da zai kwana a waje kuwa, huɗun nan ba ko ɗaya, ka nemi katakon da ake rubuta wa cedar ko farin oak ko katakon da aka dafa da magani mai launin kore-kore, shi ma kar ka ruɗe shi da koren tulif.

Wurin takalman ne muka fi ja da mutumin nawa. Shi tulif yake so don ya dace da kantar, ni kuma na tuna masa takalman hunturu da ke shigowa da ƙanƙara da gishirin titi suna ɗiga. Muka tsaya a kan jikin tulif da fenti, kowane hawa kuma ya shimfiɗa farantin roba da ake cirewa a wanke, ƙafafun ya sa musu takalmin roba su ma. Ƙofofin kicin ya ce sai bayan sallah in uwargida ta ga yadda kantar ta fito.